Fetur 91 ko 95: wanne zan zuba, kuma wanne ya fi kai mota nesa?

Duk wanda ya taɓa tuƙi a Saudiyya ya san tambayar da mai zuba mai zai yi masa tun kafin ya gama sauke gilashi, ja ko kore? Kore shine 91, ja shine 95, har ruwan man ma an rina shi da wannan kalar. To a nan ne gardama take tashi tsakanin mutanenmu direbobi na Jidda da Makka da Madina, wani yace shi in ba ja ba baya zuba wa motarsa komai saboda wai ja ya fi ƙarfi, ya fi jimawa a tanki, yana wanke inji, wani kuma yace duk ƙarya ce dabarar cin kuɗi ce kawai. Mutanen Ghana ma suna da irin wannan zaɓin a gidajen mansu tsakanin na kullum da na 95, a Dubai har uku ne, 91 da 95 da 98. Ni dai abin da na tsaya a kai shine lambar da kamfanin da ya ƙera motar ya rubuta ita ce taka, in ka zuba ƙasa da ita ka cuci injin, in ka zuba sama da ita ka cuci aljihunka. Amma sai an ɗan warware saboda akwai motocin da suke tsaka-tsaki, kuma akwai ruɗanin da motocin Amurka suke jawo mana.

Lambar nan, 91 ko 95, da ake kira okten, ba ƙarfin mai take aunawa ba. Haƙurinsa take aunawa, wato yadda zai iya jure matsi da zafi a cikin silinda ba tare da ya kama da wuta da kansa ba. Yadda inji yake aiki, iska da mai su shiga, fistan ya taso ya matse su, fulogi ya bada wuta a daidai lokacin da aka tsara, wutar ta bi ta cinye man a hankali daga bakin fulogi zuwa gefe tana tura fistan ƙasa. In man bashi da haƙuri, kafin wutar fulogi ta iso gefe sai ragowar man da ke can ya fashe da kansa saboda matsi, sai wuta biyu su yi karo, shine zakaji wata ƙara siririya kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman in ka taka totur a babbar giya ko kana hawa tudu da kaya. Makanikai suna ce mata pinkin. Ba irin bugawar injin da baƙin mai ya ƙare masa nake nufi ba, wannan daban ce, amma in aka bar ta ta daɗe tana iya cin kan fistan, ta karya zobe, ta ƙona gasket.

Ita lambar kuma daga gwaji aka samo ta. Akwai sinadarai biyu da aka ɗauka a matsayin ma'auni tun wajen 1927, ɗaya mai haƙuri sosai aka bashi 100, ɗaya kuma da an ɗan matsa shi ya fashe aka bashi sifili. Man da yake jure matsi daidai da haɗin kashi 95 na farkon da kashi 5 na biyun shine ake kira 95. Shikenan. Babu maganar yawan kuzari a ciki ko kaɗan. Kai wani lokacin ma abin juyawa yake, domin ɗaya daga cikin hanyoyin ɗaga okten shine a zuba etanol, shi kuma etanol lambarsa ta haura 100 amma kuzarin da ke cikin litarsa ya gaza na fetur da kusan kashi ɗaya cikin uku. Shi yasa man da aka haɗa da etanol kashi 10, irin wanda Ingila ta mayar man kullum a watan Satumba 2021, yake rage nisan tafiya da wajen kashi 3 cikin ɗari. Kaga kenan ana iya samun mai babbar lamba da zai riga ƙarama ƙarewa. A da can da darma ake ɗaga lambar, tun 1921 aka gano dabarar a Amurka, daga baya aka gane guba ce ga ƙwaƙwalwar yara, ƙasashenmu na kudu da Sahara suka daina a farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya a 2021.

To me yasa wasu motocin suke neman babbar lamba? Saboda injinsu yana matse mai da yawa, ko kuma yana da turbo da ke cusa ƙarin iska, kuma duk inda matsi ya ƙaru zafi ya ƙaru. Irin wannan injin yana tatsar aiki mai yawa daga lita ɗaya, amma sharaɗinsa a bashi man da zai jure. Lura da kyau, injin ne yake kawo tattalin, man kawai yana bashi dama ne. In ka ɗauki 95 ka zuba a injin da bai matsa shi har inda 91 zai gaza ba, wannan ƙarin haƙurin da ka biya kuɗinsa haka zai ƙone ya fita ta salansa ba a yi amfani dashi ba.

Motocin da mafi yawanmu muke hawa a wannan layin suke, Corolla, Camry, Accord, Civic, Elantra, Accent, Sunny, Hilux mai fetur. Camry mai injin 2.4 da ta cika titunan Kano da Kaduna matsinta, wato ninki nawa fistan yake matse iska da mai, wajen 9.6 ne, Corolla mai 1.8 ta wancan zamanin 10, duk an yi su ne su sha man kullum. Kuma kada mutum yace zai duba lambar matsi kawai ya yanke hukunci, domin Camry ta 2018 mai 2.5 matsinta ya kai 13 amma har yanzu man kullum kamfanin ya rubuta mata, sun san yadda suka tsara feshin mai da buɗewar bawul har abin ya yiwu. Littafin motar da murfin tanki sun fi hasashen kowa. A 2016 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada irin waɗannan motocin da man kullum da kuma mai tsadar, ba su ga wani bambancin kirki ba a ƙarfi ko shan mai ko hayaƙi, har suka ƙiyasta cewa Amurkawa sun zubar da sama da dala biliyan 2 a shekara guda wajen sayen babbar lambar da motocinsu basa buƙata.

Bari mu yi lissafi da farashin Saudiyya tunda shi a tsaye yake, a watan Yuli 2021 gwamnati ta ƙayyade 91 a riyal 2.18, 95 a riyal 2.33. Bambancin halala 15 a lita, tankin lita 60 riyal 9 kenan. Mutum zai ce ai riyal 9 ba komai bane, to ga wanda ke fita sau ɗaya a sati haka ne, amma direban da ke jigila tsakanin Jidda da Makka yana cika tanki kusan kullum ya tara wannan a wata ya gani. A ce motarka tana shan lita 10 a kilomita 100. Da kore ka kashe riyal 21.80, da ja 23.30. Kafin ja ya biya kuɗin kansa sai shan man ya sauko zuwa kusan lita 9.4, wato ragin kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari, kuma Corolla ko Accent ba zasu taɓa baka wannan ba saboda canjin lamba kawai.

Sai motocin tsakiya, waɗanda littafin zai ce an fi so a zuba 95 amma 91 ma ya halatta. Waɗannan sune suke rikita mutane domin kowa a gardamar yana da ɗan gaskiya. Motocin zamani suna da wata sensa a jikin inji mai sauraron wannan ƙarar, da ta ji alamar ta sai ta gaya wa kwamfutar motar, wadda makanikai ke kira birenbos, ita kuma ta ɗan jinkirta lokacin bada wuta. Ƙarar ta ɓace, injin ya tsira, amma ƙarfi ya ɗan ragu kuma shan mai ya ɗan ƙaru. In ka koma 95 sai kwamfutar ta mayar da wutar inda take so. Don haka wanda yace ya ji motarsa ta fi sauƙin tashi da ja ba lallai ƙarya yake ba, in motar irin wannan ce. Tambayar ita ce nawa ne ribar. AAA ɗin sun sake gwaji a 2017 a kan irin waɗannan motocin, matsakaicin abin da suka samu shine nisan tafiya ya ƙaru da kashi 2.7, ƙarfi da kashi 1.4, alhali a can bambancin farashi kashi 20 zuwa 25 ne. A Amurka asara ce ƙarara. A Saudiyya da bambancin bai kai kashi 7 ba asarar 'yar kaɗan ce, motar lita 10 ɗin nan zata sauko wajen 9.74, ka biya kusan riyal 22.70 maimakon 21.80, kaga ragowar bai kai riyal ɗaya ba a kilomita 100. Ni a irin wannan motar ga yadda zan yi, zirga-zirgar cikin gari da sanyin hunturu kore, in zafi ya tsananta ko za'a ɗauki iyali da kaya a hau dutsen Hada zuwa Ɗa'ifa ja. Dalili kuwa zafin iska da nauyin kaya da hawan tudu sune suke tura inji bakin iyakarsa, a nan ne kwamfutar take ja da baya sosai, a nan ne kuma 95 yake aikin kuɗinsa. In ka haɗa su rabi da rabi a tanki babu abin da zai faru, kusan 93 ka samu.

Rukuni na uku sune motocin da aka rubuta musu 95 dole, yawancin Marsandi da BMW da Audi da wasu Lexus da ƙananan injina masu turbo na Turai. A nan babu gardama. Turai 95 shine man kullum ɗinsu, a kansa suke tsara inji. In ka matsa wa irin wannan motar da 91 don ka rage riyal 9, kwamfutar zata yi ta jinkirta wuta, motar ta yi nauyi kai kuma ka ƙara taka totur, abin da ka rage a famfo ka mayar dashi a hanya, ga zafin da ke taruwa a salansa. Kuma ita sensar tana da iyakar abin da zata iya gyarawa, in ka ɗora mata zafin Makka na watan Yuli da esi da mutum biyar, ana iya wuce iyakar. In ka tsinci kanka a inda babu 95 ka zuba abin da ka samu, ka tafi a hankali, kada ka taka har ƙasa, tanki ɗaya ko biyu ba zai kashe ta ba. Mayar dashi ɗabi'a ne matsalar.

Yanzu ruɗanin motocin Amurka, wannan ya shafi kusan duk mai motar Kwatano. Akwai hanya biyu ta gwada okten, ɗaya mai sauƙi ana ce mata RON, ɗaya mai tsanani ana ce mata MON, ta biyun takan fito ƙasa da ta farkon da 8 zuwa 10. Saudiyya da Turai da Afirka RON muke rubutawa a famfo. Amurka da Kanada kuwa haɗa biyun suke su raba biyu. Saboda haka 87 na Amurka shine kusan 91 namu, 91 nasu kuma shine kusan 95 namu. Kaga inda ake faɗawa rami? Mutum ya sayi Lexus ko Marsandi da aka shigo da ita daga Amurka, ya buɗe murfin tanki yaga an rubuta 91, yace alhamdulillahi kore take sha, alhali motar 95 take nema. Wani kuma yaga 87 a littafin Camry ɗinsa ya ɗauka ai man da muke sha ya ma fi ƙarfinta. In kaga an rubuta AKI ko (R+M)/2 kusa da lambar to lissafin Amurka ne, ka ƙara 4 ko 5 a kai. In kaga RON ko ROZ to yadda take haka take.

A Najeriya kam yawancin gidajen mai famfon fetur iri ɗaya ne, babu mai tambayarka ja ko kore, abin da tanka ta sauke shi zaka sha, kuma ƙa'idarsa a wajen 90 zuwa 91 take. Don haka zaɓin ya tashi daga gidan mai ya koma wajen dillalin mota. Kafin ka biya kuɗin wata 'yar Jamus mai turbo saboda kyan fitilunta, ka buɗe murfin tankin ka karanta, ka tambayi kanka ina zaka dinga samo mata abin da take so a Gusau ko Azare. Ba banza ba Toyota da Honda suka mamaye arewa, ba kayan gyara kaɗai bane, injinansu suna haƙuri da man da muke dashi. Kuma a wurinmu abin tsoro ma ba lambar bace, tsabtar man ce. Ba'a manta da watan Fabrairu 2022 ba lokacin da aka shigo da fetur mai yawan metanol daga Beljiyam, motoci suka lalace layi ya dawo gidajen mai. Ga man 'yan bumburutu da ya kwana a jarka cikin rana, wani ma an sirka shi da kananzir, shi kuwa kananzir yana kashe okten sosai. Gidan mai mai ciniki da tanka ke sauke masa akai-akai ya fi maka komai. Masu babur da Keke Napep da janareta ku kam ma ku cire kanku daga wannan gardamar, matsin injinanku bai kai inda za'a yi maganar 95 ba.

Robobin ƙarin okten da ake sayarwa a shagunan kayan mota fa? Yawanci in sun rubuta zasu ƙara maki kaza, makin nan kashi ɗaya cikin goma na lamba ɗaya ne, wato maki 5 ya ɗaga 91 zuwa 91.5 ne ba 96 ba. Wasu kuma suna da sinadarin manganis da ke barin jan datti a kan fulogi. Ban ga dalilin sayensu ba.

Maganar wai 95 yana wanke inji, sinadarin wanki daban okten daban. Wasu kamfanonin suna ƙara yawan sinadarin wankin a mansu mai tsada don su jawo ciniki, wasu kuma duk iri ɗaya suke zubawa, amma ba lambar ce ke wankin ba. Inda na yarda a ɗaga lamba ba tare da littafi ya ce ba shine tsohuwar motar da baƙin gawayi ya taru a kan fistan ɗinta har ta fara wannan ƙarar da man kullum, nan 95 zai rufe bakin ƙarar kafin ka samu kai ta gareji, amma gyara ne maganinta, a duba fulogi da lokacin wuta da ko injin yana zafi fiye da kima.

Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a 29 ga Mayu 2023 kowa ya koma lissafin lita, kuma abin haushin shine muna gardamar kashi 2 ko 3 alhali kashi 20 yana zuba ta wani wajen. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce tuƙin ganganci, fizga da taka burki da gudu, yana cin kashi 15 zuwa 30 a babbar hanya, a cikin cunkoso har 40. Da ka haura kilomita 80 a awa iska take fara cin man, mai tafiya 140 a hanyar Kaduna zuwa Zariya shi da mai tafiya 100 ba tanki ɗaya suke ƙonawa ba. Mota a tsaye inji na aiki tana shan lita 1 zuwa 2 a awa, ka tuna wannan in kana jiran madam a bakin kasuwa da esi a kunne. Taya mara iska tana ci, buhunan da suka kwana wata a but suna ci, kaya a saman rufi ya fi su duka. Sai kuma aikin da wasu makanikanmu suke yi da kyakkyawar niyya, da mota ta sauka daga Kwatano sai a cire mata tamostat mai daidaita zafin inji a haɗa fanka kai tsaye wai ƙasarmu da zafi. Abin da ke biyo baya injin baya kai zafin da aka tsara masa da wuri, kwamfuta ta ɗauka har yanzu a sanyaye yake ta ci gaba da ƙara masa mai. Haka in sensar iskar salansa ta mutu, ita kaɗai tana iya ƙara shan mai sosai, mu kuma fitilar cek inji tana kunne shekara guda an manna mata baƙin salatif.

Wanda yake son ya gani da idonsa a motarsa, allurar mai ba abin dogaro bace. Ka cika tanki har famfo ya katse da kansa, ka mayar da ma'aunin tafiya sifili, ka yi harkarka yadda ka saba, in ka dawo ka cika a famfo ɗaya ka raba kilomitar da litar da ta shiga. Ka yi tanki uku da 91, uku da 95, amma na farko bayan canji kada ka ƙirga shi saboda ragowar tsohon man yana ciki kuma kwamfutar bata gama sabawa ba. Hanya iri ɗaya, esi iri ɗaya, kuma ka kula da ƙafarka domin ranar da mutum ya zuba mai tsada yakan lallaɓa totur ba tare da ya sani ba. Daga nan sai ka raba kuɗin da ka kashe da kilomitar da ka yi, kuɗin kilomita ɗaya shi zaka kwatanta tsakanin biyun ba yawan kilomitar tanki ba.